Bolt da Wat: Lambobin da Za Ka Karanta a Jikin Inji Kafin Ka Biya Kuɗi

Masu saurarenmu na rugage da mashaya, da ku ƴan kasuwa masu kai-komo tsakanin Jibiya da Maraɗi, Illela da Ƙonni, Kamba da Gaya: Wannan shi ne abin da muka tattauna a shirin fasaha na wannan mako. Mun sa shi a takarda domin wanda bai samu ji ba, da wanda ya ji amma lissafin ya wuce shi da sauri.

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, mai ya yi tsada a ɓangarorin iyaka biyu, mutane da yawa suka karkata ga kayan sola da na batir. Famfon rijiyar burtsatse, wadda a wajenmu ake ce wa foraj, fanka mai caji, keken ɗinki na zamani, babur mai lantarki, duk sun cika kasuwa. A cikin kowannensu akwai injin lantarki mai juyawa, kuma mafi yawan na yanzu iri biyu ne: inji marar burushi, da wanda ake kira sarbo.

Tambayar da mai saye ya fi yi ita ce, "Bolt nawa ne?" In aka ce masa 48 sai ya ɗauka ya fi na 24 ƙarfi ninki biyu. Daga nan asara take farawa. Ƙungiyar makiyaya za ta tara kuɗi, wasu har su sayar da bijimi, a kawo famfo a zura, ruwa ya ƙi kaiwa tanki a tsakiyar bazara. Ɗan kasuwa kuma a dawo masa da kaya a ƙone, a yi ta gardamar laifin wa ne. Bolt yana faɗa maka irin wutar da inji yake ci. Wat yake faɗa maka yawan aikin da zai iya yi. Sai ka karanta su biyun.

Bolt, amfa da wat

A jikin kowane inji akwai ɗan ƙarfe ko takarda mai lambobi. Haruffa uku za ka nema: V, A da W.

V ita ce bolt. Ƙarfin turawa ne, wato yadda ake ingiza wuta cikin waya. Ku dubi tankin ruwa na bisa, shato kenan. In yana da tsawo, ruwa yana fitowa daga tiyo da tsiri. In gajere ne, sai ya riƙa zuba a hankali. Tsawon tankin nan shi ne kwatancin bolt. Sunan ya samo asali daga Alessandro Volta, mutumin Italiya da ya ƙera batir na farko a shekarar 1800.

A ita ce amfa. Yawan wutar da ke wucewa ta cikin waya kenan, kamar yawan ruwan da ke bi ta tiyo. Ita kuma an sa mata sunan André-Marie Ampère na Faransa.

W ita ce wat, daga sunan James Watt na Sikotilan, wanda ya yi suna wajen gyara injin tururi. Wat shi ne aikin da ake yi, kuma lissafinsa guda ne: bolt sau amfa.

Ƴan kasuwa, wannan lissafin naku ne na kullum. Takardar jikka biyar guda biyu, da takardar jikka ɗaya guda goma, duk jikka goma ne. Wanda ya ce maka yana riƙe da takardun jikka biyar bai faɗa maka arzikinsa ba sai ka san guda nawa ne. To haka wuta take. Bolt 48 sau amfa 10, wat 480. Bolt 24 sau amfa 20, wat 480. Bolt 12 sau amfa 40, shi ma wat 480. Injuna uku, bolt daban-daban, ƙarfi ɗaya. Saboda haka famfon bolt 24 mai wat 400 ya fi famfon bolt 48 mai wat 300 aiki, duk da lambarsa ta farko ta fi ƙanƙanta.

Wasu injunan ba sa rubuta W, sai ka ga HP, ko CV a kayan da suka biyo ta ƙasashen Faransanci. Wannan shi ne "doki" da makanikai ke faɗa. HP ɗaya wat 746 ne, CV ɗaya kuma kusan wat 736. In an ce maka famfo doki ɗaya ne, ka riƙe wat 750 a kanka. Rabin doki, wat 370. In ka ga kW, wat dubu kenan.

Akwai wani abu da ke rikita mutane a batir. Ah da ake rubutawa a jikinsa awon ajiya ne. Batir mai bolt 12 da Ah 100 yana ɗauke da wutar da za ta riƙe kayan wat 100 na awa 12 a lissafi. Amma batir na dalma, irin mai ruwa ko busasshe, in kana so ya daɗe kada ka sha fiye da rabinsa. Ka ga ashe awa 6 kake da su.

Mene ne inji marar burushi?

Tsohon injin batir, irin na kik ɗin mota ko na ƙaramin famfon da ake tsomawa a duro, yana da naɗin wayar jan ƙarfe a tsakiya, shi ne ke juyawa. Domin wuta ta shiga abin da ke juyawa, ana sa ƴan guntayen gawayi biyu suna gogar sandar tsakiya. Su ne makanikai ke kira burushi, wasu su ce kabon, a Nijar a ce sharbo. Gogayyar nan tana cinye su, tana fid da tartsatsi da zafi, ƙura kuma tana ƙara saurin lalacewarsu.

A inji marar burushi an juya tsarin. Naɗin waya yana tsaye a jikin bango, maganaɗisu ne ke juyawa. Babu abin da ke gogar wani sai boris. Aikin da burushi ke yi, wato sauya wa wuta hanya a daidai lokaci, yanzu wani akwati ne mai ƴan na'urori ke yin sa, shi ake kira kwantirola. Akwatin yana aika wuta ga naɗin waya kashi uku, ɗaya bayan ɗaya, da sauri ƙwarai, maganaɗisun yana bin su yana juyawa. Shi ya sa za ka ga manyan wayoyi uku suna fita daga injin. A babur mai lantarki za ka ga ƙarin ƴan siraran wayoyi, galibi biyar, su ne ke gaya wa akwatin inda maganaɗisu yake.

An fara ƙera irin wannan inji a farkon shekarun 1960, amma bai yi arha ya yaɗu ba sai bayan da aka samo maganaɗisu mai ƙarfi na sinadarin niyodimiyam a farkon shekarun 1980, a Japan da Amurka. Yau ƙasar Sin ce ke yin mafi yawan wannan maganaɗisun. A kwali za ka ga an rubuta BLDC.

Ribarsa a bayyane take. Inji mai burushi yakan mai da kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na wutar da ya ci zuwa aiki, marar burushi mai kyau yakan kai 85 zuwa 90. Fankar sama ta wutar gari takan ci wat 70 zuwa 75, marar burushi mai girma ɗaya takan tsaya wajen wat 30. A kan batir ɗin da muka lissafa ɗazu, ta farko in an bi ta inbata za ta yi awa bakwai zuwa takwas, ta biyu za ta kusan awa ashirin. Ga famfo kuwa, wanda ke can ƙasan rijiya, rashin burushi yana nufin ba sai an riƙa ciro shi don canjin gawayi ba.

Amma ku riƙe wannan da kyau: inji marar burushi ba ya tafiya sai da akwatinsa. In ka jona wayoyinsa kai tsaye a batir ko a allon sola, ba zai juya ba, zai ɗan motsa ya ƙage, naɗin ya yi zafi ya ƙone. Akwai ƙananan fanka da famfo masu waya biyu kawai, su akwatin nasu yana ɓoye a ciki. Irin waɗannan in ka juya + da − kana iya kashe su nan take.

Bolt ke ba da gudu, amfa ke ba da ƙarfin murɗawa

A irin wannan inji, saurin juyi yana bin bolt. In inji yana juyi 100 a minti kan kowane bolt ɗaya, a bolt 24 zai yi juyi 2,400, a bolt 36 zai yi 3,600. Ƙarfin murɗawa kuwa, wanda ke ɗaga ruwa ko ya ja kaya a hawa, yana bin amfa. In ka ƙara wa inji nauyi, da kansa zai ƙara jan amfa. Amfar nan ita ce ke kawo zafi, kuma zafin ba ya hawa daidai da ita: in amfa ta ninka biyu, zafin da ke cikin waya ninki huɗu yake yi.

Wannan ya sa dabarar "a ƙara masa wuta ya ƙara ƙarfi" take da haɗari. Famfo mai farfela da fanka suna da wata ɗabi'a, in gudunsu ya ninka biyu, wat ɗin da suke buƙata ninki takwas yake yi. Ɗaga famfon bolt 24 zuwa 36 gudu ɗaya da rabi ne kawai, amma aikin da ka ɗora masa ya haura ninki uku. Ranar farko za a ga ruwa yana ambaliya, kowa ya yi murna. Kafin a je ko'ina naɗin ya dahu. Maganaɗisun ma ba ya son zafi, ƙaramin ajinsa yana fara rasa ƙarfi daga digiri 80, kuma in ya rasa ba ya dawowa.

Sau da yawa ma akwatin ne ke riga injin mutuwa. Lambar da ke jikin batir sunansa ne kawai, in ya cika yana wuce ta. Batir ɗin dalma na bolt 12 yana nuna wajen 12.7 in ya cika ya huta, lokacin caji yakan kai 14.4. Batir ɗin litiyam na babur da ake kira 48 yakan kai 54.6, wanda ake kira 60 yakan haura 67. Akwatunan 48 da yawa ƴan kayan cikinsu iyakarsu bolt 63 ne. Wanda ya ɗora batir ɗin 60 a babur ɗin 48 don neman gudu, ƙarar "tas" ɗaya zai ji.

Ƙarancin bolt shi ma yana da nasa. Inji zai yi sanyin gudu, famfo ya kasa tura ruwa zuwa sama ko da yana juyawa. Akwati mai kyau yana yanke wuta da kansa in bolt ya sauka ƙasa da iyaka. In naka yana yawan ɗaukewa, kada ka bari a cire masa wannan tsaron, batir ɗinka da injinka yake karewa.

Haɗa allon sola da akwati

Allon sola, ko pano, shi ma yana da takarda a bayansa. Lambobi biyu na bolt za ka gani. Vmp shi ne bolt ɗin da yake bayarwa yana cikin aiki. Voc shi ne wanda yake nunawa in ba a jona masa komai ba, kuma ya fi girma. Allon da ake kira "na 12" Vmp ɗinsa wajen 18 ne, Voc wajen 22. Manyan alluna da yawa Voc ɗinsu yana kai 45 zuwa 50.

Hanyar haɗa alluna biyu ce. Ta farko haɗin ayari, kamar raƙuma, + na wannan ya kama − na wancan. A nan bolt ke taruwa, amfa tana nan yadda take. Ta biyu haɗin shanun huɗa, kafaɗa da kafaɗa, + da +, − da −. A nan amfa ke taruwa, bolt bai canza ba. Wat ɗin duka ɗaya ne ta kowace hanya, amma akwatin ba ɗaya yake ji ba.

Ga misali. A jikin akwatin famfo an rubuta iyakarsa bolt 100. Allunanka kowanne Voc 46. Biyu a ayari, 92, ka tsira. Uku a ayari, 138, akwati ya tafi. In alluna huɗu gare ka, sai ka yi ayari biyu masu allo bibbiyu, sannan ka haɗa ayarin biyu kafaɗa da kafaɗa. Kuma da Voc ake wannan lissafi, a bar ɗan sarari a sama, domin sanyi yana ɗaga bolt ɗin allo da kusan kashi 3 cikin ɗari a kowane digiri goma. Da safiyar hunturu 92 ɗin nan yana iya zama 96.

Zafi kuma akasin haka yake yi. Wat ɗin da aka rubuta a allo an auna shi ne allon yana digiri 25. Da tsakar ranar watan Afrilu allon yakan haura digiri 60, ya rasa wajen kashi 15 cikin ɗari. Ƙurar da ta kwanta a kansa tana ƙara rage wani. Goge allo da sassafe aiki ne na yaro guda, amma ana ganin sa a tanki.

To in wat ɗaya ne, me ya sa manyan famfuna suke zuwa da bolt mai yawa? Saboda waya. A ce tsakanin alluna da akwati mita 30 ne, zuwa da dawowa mita 60, wayar jan ƙarfe mai kauri 2.5, kuma ana so a kai wat 600. A bolt 24 amfa 25 za ta bi wayar, wajen wat 260 su ƙare a dumama ta. A bolt 48 amfa 12.5 ce, asara wajen wat 65. A bolt 96, wat 16 kacal. Ka ji amfanin bolt mai yawa kenan: yana kai wuta nesa ba tare da ta zube a hanya ba. Mai ƙaramin bolt dole ya sayi waya mai kauri kuma ya gajarta ta.

Ƴan kasuwa, ku lura da wayar da kuke sara. Akwai wadda alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama. Ba ta da nauyi, kuma in ka kankare ta da wuƙa za ka ga fari a ciki. Tana tare wuta fiye da jan ƙarfe na gaske da kusan rabi ko fiye, bakin haɗinta kuma yana saurin ci.

Gargaɗi guda. Allo yana da wuta muddin rana na kansa, ko an kashe famfo. Ayarin manyan alluna yakan kai bolt 200 zuwa 400, wannan kuwa yana kisa. A rufe alluna ko a yanke makunninsu kafin a taɓa waya, a kuma killace wurin saboda yara da dabbobi.

Famfo mai wat nawa garke yake buƙata?

Malam makiyayi, daga bakin dabba ake fara lissafi. A lokacin zafi babbar saniya takan sha lita 30 zuwa 40 a yini, tunkiya ko akuya wajen lita 5. A ce shanu 200 ne ke shan mashayar, kowace lita 35, ya zama 7,000. Tumaki da awaki 300, lita 1,500. A ƙara na mutane da abin da ke zubewa a kwami, a ce lita 10,000, duro 50 kenan. Rana mai ƙarfin tura famfo sosai awa biyar zuwa shida ce a yini. Mu ɗauki biyar. Ana buƙatar lita 2,000 a kowace awa.

Sai tsawon da za a ɗaga ruwan. Ba zurfin ramin ake aunawa ba, inda ruwa ke tsayawa ana cikin ja ake aunawa, don yana sauka in famfo na aiki. Wanda ya haƙa rijiyar ya kamata ya ba ku wannan lamba a rubuce. A ce mita 40 ne, tanki mita 6, a ƙara mita 4 saboda gogayyar ruwa a bututu. Mita 50.

Ɗaga lita 1,000 a awa zuwa tsawon mita ɗaya yana cin wat 2.7. Namu lita 2,000 ne, mita 50: 2.7 sau 2 sau 50, wat 270. Wannan aikin ruwan ne zalla. Famfo da inji da akwati sukan cinye kusan rabin abin da aka ba su, don haka a ninka biyu, wat 540. Famfo mai wat 550 zuwa 600 ake nema. Alluna kuma a ƙara sulusi saboda zafi da ƙura, wajen wat 750 zuwa 800.

A kwalin famfo za ka ga tsawo mafi girma da ruwa mafi yawa an rubuta su kusa da juna, misali mita 80 da lita 3,000. Ba a samun su tare. A mita 80 ɗin ruwa ɗigo zai riƙa yi, lita 3,000 kuwa sai in kusan a bakin ƙasa ruwan yake. Ka nemi jadawalin da ke cikin takardar famfon, ka dubi lita nawa yake bayarwa a naka tsawon. Kuma kada famfo ya fi ƙarfin rijiya. Ruwa ne ke sanyaya shi, in ya tsotse rijiyar ya ci gaba da juyawa a bushe zai ƙone. Ƴar na'urar da ke tsai da shi in ruwa ya sauka, a tabbata an ɗaura ta.

Sarbo fa?

A kwali ana rubuta shi servo. Kalmar ta fito daga Latin, ma'anarta bara, kuma injiniyan Faransa Joseph Farcot ya yi amfani da ita a littafinsa na 1873 kan na'urar da ke juya akalar jirgin ruwa. Sarbo inji ne mai bin umarni. A jikinsa akwai ƴar na'ura mai ƙirga juyi, tana gaya wa akwati inda sandar take a kowane lokaci. In an ce ya tsaya a wuri kaza, ko ya yi gudu kaza, akwatin yana gwada abin da aka umarta da abin da ke faruwa, yana gyarawa nan take. Saboda haka "marar burushi" bayanin ƙirar inji ne, "sarbo" bayanin yadda ake sarrafa shi. Inji ɗaya yana iya zama duka biyun, kuma yawancin manyan sarbo na yanzu haka suke.

Inda muka fi ganin sa a kasuwanninmu shi ne keken ɗinki na masana'anta da keken surfani na kwamfuta. Tsohon injin keke mai kuloci, da zarar an kunna shi yana ta juyawa yana cin wuta, ko tela na ɗinki ko yana hira. Sarbo ba ya juyawa sai an taka, ana iya rage masa gudu har a riƙa ɗinki ɗaya-ɗaya, wani ma yana tsai da allura sama ko ƙasa yadda aka so. Galibi za ka ga an rubuta wat 550 ko 750. Lambar nan ta nuna abin da zai iya ne in aiki ya yi nauyi, kamar ɗinkin fata ko tamfol. A kan yadi marar kauri abin da yake ci bai kai haka ba, shi ya sa tela mai sola ya fi jin daɗinsa. Duk da haka inbatar da za ta ɗauke shi ta fi lambar da ke jikinsa, don lokacin tashi yana fizgar wuta.

Irin wannan sarbo da wutar gari yake aiki. Nijar, Kamaru da Cadi bolt 220 ne, Najeriya da Gana 230, kuma kayan ɗaya suna aiki a ɗaya ba matsala. Amurka kuwa 120 ce, Japan 100. Masu saro kayan gwanjo ta Kwatano da Lome, ku duba. Injin da aka rubuta wa 110 in aka soka shi a soket ɗinmu ba tare da taransifoma ba, ya gama. Kuma kada a rikita wutar gari da ta batir: AC ko alamar ~ wutar gari ce, DC ta batir da sola. Akwatin sarbo ba ya son wutar da ke hawa da sauka, irin ta ƙaramin janareta in ana kunna kaya ana kashewa. Sitabilaiza ta fi sabon akwati arha.

Akwai kuma ƴan ƙananan sarbo masu waya uku da ɗalibai ke sa wa a jirgin wasa da mutum-mutumi. Su bolt 4.8 zuwa 6 suke ci, sai in an rubuta fiye da haka. Batir ɗin 12 yana kashe su. Ƙarfinsu da kg-cm ake rubuta shi: mai 10 yana riƙe kilo 10 a nisan santimita ɗaya daga sandarsa, kilo 2 a nisan santimita biyar.

A bakin shago

Kafin kuɗi ya fita aljihu, ka juya injin ka karanta jikinsa, kada ka tsaya a babban rubutun kwali. Ka tambaya: wutar gari yake ci ko ta batir? Daga bolt nawa zuwa nawa akwatinsa ke ɗauka? Wat ɗin da aka rubuta na aikin yini ne, ko na ɗan fizgar daƙiƙa? Wasu kamfanoni na fizgar suke bugawa da manyan haruffa. In an ba ka bolt da amfa, ka buga su da kanka. Akwatin da aka rubuta wa bolt 48 da amfa 15 ba zai wuce wat 720 ba, ko da kwali ya ce 2,000.

Ka sayi inji da akwatinsa tare, na kamfani ɗaya. Ka sa a gwada a gabanka. A rubuta maka lambobin da tsawon garanti a rasit, domin kayan da ya tsallaka iyaka mai da shi wahala ne. Kai kuma mai shago, ƙaramar mitar awon wuta ba ta da tsada. Ka auna allo da batir a gaban mai saye, ka tambaye shi zurfin ruwansa da yawan dabbobinsa kafin ka miƙa masa famfo. Wanda ruwansa ya hau tanki shi zai turo maka ardon gaba.

Wanda bai iya karatu ba ya riƙe wannan takarda, ya tafi kasuwa da yaron da zai karanta masa V da A da W. A shiri na gaba za mu ɗauki batir, na dalma da na litiyam, da yadda ake gane wanda aka sabunta wa fenti. Sai mun ji daga gare ku.